Sunana a Bakin Yaya

Da kakar shekarar da nake aji huɗu a firamare, wata Asabar da hantsi, muna roron wake ni da kakata Iya a gonarta da ke bayan Ɗanzomo, sai ga Kawu Sule a kan babur ya ratso gonaki, ko hanya bai bi ba. Bai kashe babur ɗin ba ya fara magana. Motar ragunan da Babanmu ya bi daga kasuwar Maigatari ta faɗi da su gab da shiga Legas, ƙafarsa ta karye, an kwantar da shi za a yi masa aiki. Maigidan da yake yi wa rakiyar dabbobi ya ce a sa matar Baba a jirgi ta je jinya. "Kuma shi marar lafiyar ya ce a zo masa da yarinyar nan," in ji Kawu, yana nuna ni da baki. Iya ta ajiye ƙwarya ta yi salati. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ban gama jin tausayin Baba ba zancen jirgin ya fara yi mini yawo a kai.

"Yarinyar nan" shi ne sunana a wajen iyayena, domin ni ce 'yar fari, kuma a wajenmu iyaye kunyar ɗan fari suke yi. Tun da aka yaye ni aka miƙa wa Iya. Gida ɗaya muke, dangar kara ce kawai tsakanin sashenta da na mahaifiyata, amma a ɗakin Iya nake kwana, a kwanonta nake ci. Mahaifiyar tawa ma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannen Baba suna kiranta. Ba ta taɓa yi mini kitso ba, ba ta taɓa jan hannuna a gaban mutane ba. In za ta aike ni ɗebo ruwa a tuƙa-tuƙa sai ta kalli wani wajen ta ce, "Ke, tulun nan ba kowa zai ɗauka ba ne?" In muna carafke a tsakar gida ƙanina ya watsa mini duwatsu na make shi, ko waye da gaskiya ni ce da laifi. Duk da haka ran da ta dama fura, nakan tarar da tawa a ɗakin Iya an rufe da faifai, ba wanda zai ce ga wanda ya kawo. Iya kan yi alfahari da surukarta ta ce, "Mace mai kara ke nan, ba irin na yanzu masu kiran ɗan fari kamar suna kiran kaza ba." Ni kuma ban ɗauke shi komai ba. A makaranta ana kiran sunana, a dandali wajen gaɗa ana kira, me ya dame ni?

Washegari Kawu ya kai mu Gumel, daga can muka shiga motar Kano tare da shi. A ƙofar filin jirgi aka tsayar da shi, aka ce daga nan sai matafiya. Muka shiga mu biyu, ni da kayan sallata, Yaya da ƙunshin kuka da daddawa da man shanu da za ta kai wa marar lafiya. Daɓen wurin har ɗaukar ido yake, ga sanyi kamar cikin randa, ga yara sa'o'ina suna jan jakunkuna masu taya suna ta zuba Turanci.

Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ta karɓi katin zaɓen Yaya ta duba, sannan ta leƙo ta dube ni. Ta ce ina takardar yarinya? Ta haihuwa, ko katin makaranta, ko da na rigakafi ne. Ba mu da ko ɗaya. A gida ungozoma ta karɓe ni, a bayan ɗaki aka binne cibiyata, wa ya taɓa tambayarmu takarda?

"To ba komai. 'Yarki ce?" in ji ta.

Yaya ta sunkuyar da kai ta gyara mayafi. "Ta ɗakin kakarta ce."

"Ya sunanta?"

Yaya ta ɗan juyo gefena, ba ta ko kalle ni ba. "Ke, faɗa mata."

Nan take fuskar matar ta sauya. Ta tambaye ni wace ce wannan da nake tare da ita, na ce Yaya ce, don iyakar abin da na sani ke nan. Sai aka fitar da mu daga layi aka tsayar a gefe. Ta yi mana bayani ba da faɗa ba, ta ce ana kwasar 'ya'yan mutane daga ƙauyukan bakin iyaka a kai su aikatau Kudu, saboda haka matar da ba ta ce ɗanta ne ba, ba ta kuma faɗi sunansa ba, ba za ta wuce da yaro ba. Yaya na iya tafiya, ni zan tsaya.

Duk idon wurin ya dawo kanmu. Wata mai gilashi a layi ta ce wa ta kusa da ita, "Yanzu haka satota ta yi." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ji kamar akuyar da ta ɓace a kasuwa ana cigiyar mai ita, alhali ga mai itan a tsaye ta yi shiru. Na sunkuya ina kallon kaushin ƙafar Yaya cikin silifa a kan daɓen nan mai sheƙi, ina jin kunyarta, ina jin kunyar kaina, ina tuna Baba kwance yana jiran a shigo da ni.

Aka kira shugabansu, wani dattijo mai furfura. Ya saurari ma'aikaciyar, ya dubi Yaya, sannan ya ce, "Baiwar Allah, in kara kike yi na san kara, amma nan ba wurinta ba ne. Ga shi an fara kiran jirginku. Ki faɗa da bakinki."

Zufa ta keto wa Yaya duk da sanyin wurin. Sai na ji ta damƙe wuyan hannuna.

"'Yata ce," in ji ta. "Ni na haife ta. Zuwaira sunanta." Ta nuna bayana. "Tana da tabon ƙuna a bayan kafaɗarta ta hagu, tun tana rarrafe, garwashi ne. Ku duba."

Ma'aikaciyar ta ɗan janye wuyan rigata ta gani. Ni kaina ban san asalin tabon ba sai ranar. Dattijon ya ce a bar mu mu wuce, amma in mun koma gida a yi mini takardar haihuwa.

Za a zaci murna na yi. Wallahi ban yi ba. Ji na yi kamar na ga Yaya ba ɗankwali a tsakiyar kasuwa, kuma saboda ni. Har jirgi ya tashi ya sauka ba mu haɗa ido ba, ban ma tuna na leƙa taga ba. A asibiti Baba ya ɗago kai ya ce, "Kun iso lafiya da yarinyar nan?" Yaya ta ce lafiya ƙalau. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba, ni ma ko Iya ban gaya wa ba.

Yanzu ina da tawa 'yar farin. Tun kafin mu yi arba'in aka yi mata takardar haihuwa, kuma daga safe zuwa dare ban san sau nawa nake ƙwala mata kira ba, har maƙwabta sun haddace. Yaya ta tsufa, tana nan Ɗanzomo. Har yau in na buga mata waya, "Ke ce?" take cewa. Nakan ɗan yi jim kafin in amsa, ko Allah zai sa ta ƙara kiran sunana. Sau ɗaya aka yi, a filin jirgi, shi ma kunya ba ta bar ni na saurara da kyau ba.