Ranar da Na Kushe Injiniyata a Waya

Na yi ciniki iri-iri a rayuwata, na ci riba na kuma faɗi, yawancinsu ko an tuna min sai na yi dogon tunani kafin in gano su. Amma akwai wata waya da na amsa a bakin shagona na Sabon Gari, wadda ba ta fi minti ashirin ba, ita kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Lokacin wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Ni dillalin kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su ne, irin waɗanda ake saukewa a Legas mu je mu zaɓo. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, da tallan kaset da batir na fara, har Allah ya ba ni shago biyu: na Sabon Gari inda muke sayarwa da gyara, da na Samaru kusa da ƙofar jami'a inda ɗalibai suke zuwa a buga musu takardu ko su shiga intanet.

Wadda ta riƙe min shagunan nan biyu wata yarinya ce 'yar wani tela. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta karanta kimiyyar kwamfuta, ta gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, uban ya riƙo hannunta ya kawo min. Injiniya muke ce mata. Da farko tsokana ce, kafin wata shida sunan ya zama gaskiya. Da safe tana Sabon Gari, da rana ta hau acaɓa ta tafi Samaru, ni kuwa na samu damar yin sati guda a Legas ba tare da gabana yana faɗuwa ba.

Wata rana ta same ni ina cin abinci ta ce akwai magana. Wani babban kamfani na ƙasashen waje, mai rassa a duniya, yana ɗaukar sababbin masu digiri a fannin kwamfuta. Shekara biyu ake horar da mutum. Za ka fara daga teburin da ma'aikata suke kawo ƙorafin kwamfutarsu, a riƙa zagayawa da kai sashe-sashe, ana koya maka yadda ake jagorantar mutane. Ta ci jarrabawar rubutu, ta je Legas ganawa har sau biyu, ashe bikin ƙawa da ta ce min za ta je ke nan. Abu ɗaya ya rage, za su kira wanda take aiki a ƙarƙashinsa, kuma lambata ta ba su.

"Oga, gaskiya kawai za ka faɗa musu," in ji ta.

Na ce, "Injiniya, ni da gaskiya ai ba sai an roƙe ni ba."

Na yi dariya, amma abincin nan bai ƙara shiga ba. Ina zan samu irinta? Kwana uku ina juya abin, har dabarar dillanci ta zo min. Mu a sana'armu, in mai saye ya ƙyalla ido a kan kayan da ba ka son rabuwa da shi, ba ka ce masa ba na sayarwa ba ne, don nan zai ƙara nacewa. Aibin kayan kake faɗa masa. Ka ce fankar tana ƙara, ka ce tana ɗaukar zafi. Ba ƙarya ka yi ba, kuma da ƙafarsa zai tafi. Na ce wa raina haka zan yi. Ba zan yi mata ƙage ko ɗaya ba, laifukanta kawai zan jero. A lokacin har ina ganin na yi adalci.

Da rana tsaka suka kira, janareta yana ta ruri, Injiniya tana Samaru. Na fito waje na toshe kunne ɗaya. Wata mata ce mai sanyin murya, Turancinta a hankali, yadda ni mai Turancin kasuwa zan gane. Bayan gaisuwa ta ce in faɗa mata yadda yarinyar take aiki.

Na ce, "Madam, tana da ƙoƙari, amma akwai taurin kai. Ba ta jin magana."

Ta ce in ba ta misali. Na ba ta labarin wani malamin jami'a da ya kawo kwamfutarsa ƙwayar cuta ta cinye ta. Mu abin da muka saba shi ne a goge komai a sake zubawa, aikin awa ɗaya. Na ba ta umarni, a gaban ma'aikata ta ce ba za ta goge ba, don rubutun digirin mutumin na shekara huɗu yana ciki. Kwana biyu ta ɓata min a kan inji ɗaya.

"Sai me ya faru, yallaɓai?"

Tambayar nan ita ta kashe ni. Na ce ta dai ceto rubutun. Ta sake cewa, "Sai kuma me?" Dole na faɗa cewa malamin ya kwaso mana kwamfutocin sashensu gaba ɗaya. Ina jin ƙarar madannai ta cikin wayar, tana rubutawa.

Na sauya hanya. Na ce ba ta iya riƙe sirrin sana'a. Mu maigida ba ya koyar da komai, sai ya rage abin da za a riƙa nemansa dominsa. Ita kuwa ta sayi babban littafi, duk matsalar da ta gyara sai ta rubuta yadda ta yi, ta ajiye a kan tebur kowa ya karanta. Har ranar Asabar take zaunar da masu buga min takardu su biyu, da wani makanikena da ya girme ta da shekara goma, tana koya musu. Matar ta tambaya ko ni na sa ta. Na ce ina! Ni faɗa ma na yi. Ta ce, shi babban ya yarda yarinya ta koya masa? Na ce da farko ya ƙi, har ya yi yaji na kwana biyu, ita ta bi shi gidansa a unguwar Jushi ta ce masa ita ma tana so ya koya mata gyaran allon kwamfuta, su yi musaya. Haka ta shawo kansa.

Na ga abin yana zame min, sai na ciro babbar sandata. Na ce, "Madam, ta taɓa ƙona kwamfutar kwastoma ƙurmus."

Gaskiya ne. Injinan da ake kawowa daga Amurka ƙaramar wuta suke sha, akwai ɗan maɓalli a bayansu da ake turawa kafin a jona su da wutarmu. Ta manta, ta jona, sai ƙara da hayaƙi.

"Wa ya gaya maka ita ce?"

Ranar ba na nan, kuma a garin nan wa zai musa in ka ce wuta aka kawo da ƙarfi? Na ce ita da bakinta ta faɗa min, ta kuma faɗa wa mai injin kafin in dawo. Washegari ta sayo jan salatif, duk injin da aka sauke sai an duba bayansa an manna alama kafin ya hau tebur. Tun daga ranar ba mu sake ƙona ko ɗaya ba.

Ina faɗa ina jin kaina. Ni da nake taƙama da sanin kaya, sai a bakin titi, waya a kunne, na gane abin da yake hannuna shekara biyu. Matar ta ce tambaya ɗaya ta rage: in da ni ne mai zaɓi, zan bar ta ta tafi?

Na ce, "A'a. Kuma Madam, bari in gaya miki gaskiya, tun ɗazu ƙoƙarin kushe ta nake yi don kada ku ɗauke min ita. Ku ɗauke ta. Ta fi ƙarfin shagona."

Ta ɗan yi dariya, ta yi godiya, ta kashe. Ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Wane kamfani ne zai amince da shaidar mutumin da ya ce da bakinsa makirci yake shiryawa?

Ban jira ta dawo ba, na bi ta Samaru. Na same ta ta cusa kai cikin wata firinta, hannu duk tawada. Na kira ta waje na faɗa mata komai, har maganar ƙona injin. Ta goge tawadar hannunta, ta dube ni.

"Oga, da cewa ka yi kada in tafi, da ya fi min sauƙi. Ni fa ko fasto ban ba da lambarsa ba, taka na bayar."

Ba ta ɗaga murya ba, ta koma kan firintarta. Kusan wata guda muka yi a haka. Ba ta fasa zuwa aiki ba, ba ta rage komai ba, amma daga gaisuwa sai maganar aiki. Ba tsokana, ba dariya. Duk lokacin da na ga ta buɗe akwatin saƙonta ta rufe ba labarin kamfanin, sai in nemi abin yi a waje. Ban taɓa roƙon Allah ya raba ni da abin da nake so ba sai a watan nan.

Ranar da saƙon ya zo ina Sabon Gari, ta kira ni daga Samaru. "Oga, sun ɗauke ni." Na zauna a kan kwalin kaya, na ce a kashe janareta in ji da kyau.

Kwana biyu kafin ta tafi, mahaifinta ya zo shago da riga da wando da ya ɗinka min da hannunsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa, "Maigida, ta ce kai ka tsaya mata. Allah ya tsaya wa 'ya'yanka." Na dubi Injiniya, ta kawar da kai tana gyara wata igiyar wuta da ba abin da ya same ta. Ba ta gaya masa ba. Har dattijon ya rasu bai sani ba.

Da ta zo hutun Kirsimeti ta ba ni labarin cewa a satinta na farko matar nan ta neme ta, ta ce tana so ta ga yarinyar da oganta ya so ya ɓoye. Wai shaidun da aka bayar kan sauran masu neman aikin duk yabo ne zalla, tawa ce kawai suka samu abin kamawa a ciki. Na tambaye ta me suke koya musu a wannan jagoranci da har sai an shekara biyu. Ta ce, "Abin da kake min faɗa a kai ne, Oga. Su ba sa ƙara wa mutum girma sai ya koyar da wanda zai zauna a kujerarsa." Yau tana jagorantar mutane a wata ƙasa, kuma har yanzu in ta kira, Oga take ce min.

Ina gode wa Allah da ya sa dabarata ta ƙi ci, ina gode wa matar da ta iya tambaya, ina kuma gode wa yarinyar da ta rufa min asiri a gaban mahaifinta. Abin da na koya shi ne, kaya ake riƙewa, mutum ba a riƙe shi. Wanda ya yi maka aiki da amana, ranar da hanyarsa ta buɗe hakkinsa ne ka faɗi alherinsa da baki cike, ko da tafiyarsa za ta bar ka da wahala. Ma'aikata da dama sun bar shagona bayan ita, kuma duk wanda ya zo min da irin wannan magana, kafin ya gama bayani nake tambayarsa yaushe za su kira.