Lamba Goma a Tagar Kawu

Mun tashi da asuba daga Makarfi ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da Umma da wata tsohuwar laftof da Malamarmu ta lissafi ta ara mini. Ƙawayena da kuke ta tambayata yadda aka ƙare, ga shi na rubuta, tunda kun san da baki ba zan iya ba.

Jarrabawar neman tallafin karatu ce ta kai mu Kaduna. Ta intanet ake yin ta, ƙarfe huɗu na yamma, awa biyu cur kyamara tana kallon mutum. Wadda ba ta shiga ba zuwa huɗu da kwata an rufe da ita, ni kuma ajin ƙarshe nake, ba ni da baɗi. A unguwarmu sabis sai ya ga dama yake zuwa, shi ya sa Umma ta ce mu tafi gidan yayanta a Unguwar Sarki, inda suke da waifai. Malama ta riga ta sa manhajar jarrabawar a laftof ɗin, kuma da ita aka yi mini rajista, wata kwamfutar ba za ta yi ba. Da za ta miƙo mini ta ce, "Linux ce a kanta, ba Windows ba. Kada ki yarda kowa ya sauya mata komai." Na ce to. Ban san bambancin ba, ban kuma tambaya ba.

Umma ta naɗe laftof ɗin da zani biyu, da muka shiga mota ta ɗora mini a cinya. Kwandasta ya so ya jefa ta a but ɗin motar tare da raken da muka ɗauko na tsaraba, Umma ta yi masa wani kallo, ya fasa. A Zariya muka sauya mota, muka karya da ƙosai mai zafi a takarda. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda Umma ta san shi, ta faɗa wa direban, ta faɗa wa matar da ke kusa da ita, ta sake faɗa mini a Jaji. Ni hankalina yana kan jaririyar matar, wadda aka sa wa safa ɗaya ja ɗaya ruwan ɗorawa. Har muka wuce Maraban Jos da Rigachikun ina son in ce an yi kuskure, ban ce ba.

A Kawo muka sauka muka hau keke napep. Gadar wurin ta rikita ni, motoci sama motoci ƙasa, na rasa ina ne gabas. Muka ratsa gefen Unguwar Kanawa, inda na ga wani mai kifi yana kore ƙuda da murfin bokiti, sannan Unguwar Shanu, inda ban ga saniya ko ɗaya ba, sai shagunan gyaran waya da masu walda. Wajen ƙarfe goma muka isa.

A ƙofar gidan Kawu akwai dakali a ƙarƙashin darbejiya. Magidanta sun kai bakwai a kai: tela da awo a wuya, mai wanki da guga, wani dattijo mai jar hula, da wasu. Kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Muka gaishe su, suka amsa da fara'a, amma ba wanda ya ɗago sosai. Na ɗauka haka mutanen birni suke hira.

Kawu ma'aikacin gwamnati ne, kuma "Uwata" yake kirana saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Bayan gaisuwa da ruwan sanyi ya nuna mini waifai ɗin. Ashe wani ɗan farin akwati ne, bai fi sabulun wanka ba, an rataye shi da ƙusa a tagar falo, wadda ke kallon titi. Ya ce nan ne kaɗai yake kama sabis da ƙarfi. A fuskar akwatin akwai hoton batir, da sandunan sabis, da wani ɗan zane kamar waya, kusa da shi an rubuta 10.

"Uwata, kawo laftof ɗin nan," in ji Kawu. "Tun ba a haife ki ba nake aiki da kwamfuta."

Ya buɗe, ya gyara tabarau, ya kai kibiya ƙasa ta hannun dama, inda ya saba ganin alamar waifai a tasa ta ofis mai Windows. Ba komai a wurin. Ya duba hagu. Ya ɗauko tasa ya ajiye a gefe yana kwatantawa, kamar mai neman kama tsakanin 'yan gida ɗaya. Daga baya ya ce wannan kwamfutar a juye aka haɗa ta.

'Yarsa, wadda nake ce wa Yaya, tana jami'a, tata kwamfutar Mac ce. Ta ce, "Baba, a sama ake dubawa," ta karɓa. Sunan waifai ɗin ya fito, ta rubuta lambar sirri, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, sannan ta daina. Bai kama ba. Ta sake, ta sake. Anti, matar Kawu, ta leƙo daga kicin ta ce ita dai wayarta da kanta take kamawa, ba ta taɓa roƙonta ba.

Daga nan na daina gane komai. Kawu ya ce Linux ce ba ta jituwa da akwatin. Yaya ta ce a'a, wani abu ne ya ɓace a ciki, ta buɗe wani baƙin shafi tana kwafo rubutu daga wayarta. Na tuna gargaɗin Malama, amma na bar ta ta ci gaba. Kawu ya kawo wata igiya shuɗiya daga ɗaki, aka rasa inda za a soka ta a jikin akwatin. Aka gwada jawo intanet daga wayar Yaya, ya kama, amma shafin jarrabawar rabi ya buɗe ya tsaya. Kwamfutoci uku a kan tebur ɗaya, biyu suna aiki, tawa ta zama baƙuwar da aka ƙi yi wa sannu da zuwa.

Da aka kira azahar Kawu ya tafi masallaci, mata suka shiga ciki. Na rage ni kaɗai. Na danna sunan waifai ɗin don kawai kada in yi kuka. Nan take ya kama. Na ɗaga kai na dubi taga, lambar ta koma 4. Na leƙa waje, dakali ba kowa, sai hular kwano da wani ya manta.

Yaya ta fito ta ce ai rubutun da ta yi ne ya yi aiki. Kawu ya dawo ya ce shi ne ya danna wani wuri kafin ya fita. Sai aka ɗauke wuta, ya ce a kashe laftof ɗin a tanadi caji sai ƙarfe uku. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, har da soyayyen kifi, na ci sosai don na ɗauka an gama.

Ƙarfe uku aka kunna. Da'irar nan ta dawo tana juyawa. A taga, 10.

Uku da rabi Kawu ya ɗauki makullin mota. Ya ce akwai mai gyara a Unguwar Shanu, yanzu zai goge wannan abin ya sa mata Windows kowa ya huta. In aka goge, manhajar jarrabawar ta tafi, rajistata ta tafi. Ya miƙo hannu, na ga hannuna ya danne murfin laftof ɗin. Ban taɓa hana babba abu ba a rayuwata.

Na ce, "Kawu, lambar nan."

"Me kika ce, Uwata?"

Anti ce ta ji. Ta ce, "Ku yi shiru mana, yarinya tana magana."

Ina kallon ƙasa na ce lokacin da ya ƙi, lambar goma ce. Lokacin da ya kama, huɗu ce, kuma mutanen waje sun tafi salla. Na ce ban san ma'anarsa ba, na dai gani.

Kawu ya ce wannan ai lambar caji ce. Yaya ta jawo kwalin akwatin daga saman firij, ta karanta gefensa, ta dafe kai. Na'ura goma kawai yake ɗauka a lokaci ɗaya. Ta ce, "Baba, mutum nawa ka ba lambar sirrin nan?"

"Maƙwabta ne. Mutum zai gaishe ka da safe ya tambaye ka, ka ce masa me?"

Yaya ta kashe waifai ɗin wayarta don ta ba ni gurbi. Lambar ta koma 9. Kafin in kai kibiya ta koma 10, muka ji wata murya daga dakali ta ce, "Yawwa, ta kawo!" Ashe har layi ake bi. Ta rufe kwamfutarta, wani ya sake shigewa. Ta ce to a sauya lambar sirrin. Kawu ya ce da wace fuska zai fita gobe, dattijon nan mai jar hula da waifai ɗin nan yake ganin jikokinsa da ke Legas. Ya ce ko a fita a roƙe su su kashe, sai kuma ya kasa fita.

Anti ta dubi agogon bango ta ce, "Ku ƙyale su. Ladan zai tashe su."

Huɗu saura minti goma aka kira la'asar. Na yi sallata a gefen kujera, Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana taga. Na sallame, 10. Ashe ba da kiran salla suke tashi ba, sai an kusa tayarwa. Huɗu ta buga. Umma tana jan carbi da sauri har ina jin ƙararsa. Sai Kawu ya zura takalmi ya fita, muka ji shi yana cewa, "Jama'a, ku tashi mu samu sahun gaba yau! Malam tela, bidiyon nan ba zai gudu ba." Anti ta toshe baki da mayafi, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi wa masallaci irin wannan sammako ba.

9. Sai 8. Sai 5. Na danna. Ya kama, huɗu da minti shida. Fuskata ta fito a kusurwar shafin, na ga ashe hijabina a karkace yake tun safe.

Tambayoyin ba su rikita ni kamar safiyar ba. Ina cikin ta bakwai na ji mutanen dakali sun dawo. Kawu ya tsaya gaisawa da liman, shi ya zo ƙarshe, wayarsa ta rasa gurbi. Na hango shi ta taga yana ɗaga ta sama yana juyawa, sannan ya leƙo ya ga 10, ya dube ni, ya sa wayar a aljihu. Har shida yana zaune a dakali hannu rabbana, shi kaɗai yake kallon titi a gidansa da waifai ɗinsa.

Washegari muka kamo hanya bayan karin kumallo. Anti ta cika mana leda da cincin, Yaya ta ce za ta nemi sanin Linux ɗin nan don ta ji kunya jiya. Da muka fito, mutanen dakali suka yi mini addu'ar samun nasara, ba su san da su aka yi ta fama ba. Kafin la'asar muna gida.

Sakamako bai fito ba tukuna, ku taya ni addu'a. Har yanzu ban san bambancin Windows da Linux ba, in ban da cewa ɗaya a ƙasa ake dubawa ɗaya a sama. Abin da na sani shi ne tun ƙarfe goma na ga lambar nan, tun azahar na ga ta sauya, ban buɗe baki ba sai da makullin mota ya fito. Ranar Litinin na mayar wa Malama laftof ɗinta naɗe a zanin Umma. Ta ce, "Ta ba ki wahala?" Na ce, "Ba laifinta ba ne, Malama, wuri ne ya cika." Ta ji ni tun a karon farko, ba ta ce in maimaita ba.