Baffa da Turancin Tafiya

Jiya a tashar Ɗambatta na ga wani dattijo yana jan ƙafa da buhu a ka, sai na ji bakina ya ce "trudge". Haushi ya kama ni, domin wannan aikin marigayi Baffa ne, ƙanen mahaifina.

Tsohon malamin firamare ne, kuma a wurinsa babu tafiyar da ba ta da suna. Ko akuya ce ta gifta, sai ka faɗi irin tafiyarta da Turanci.

Wata kaka muna dawowa daga gona, damin gero a kaina, ƙaiƙayi na cin wuyana, ya tsayar da ni cikin rana tsaka.

Ya ce, "Me kake yi yanzu?"

Na ce, "Walk, Baffa."

"Da wannan kayan, ƙafa na nutsewa cikin rairayi? Trudge kake yi. Ni ne nake stroll, tunda ban riƙe komai ba. Haka za ka je ka faɗi jarrabawa."

"To karɓi damin, Baffa, ka gwada mini."

Bai karɓa ba. Sai ma ya ce ni sensitive ne, ba sensible ba, wai ga saurin fushi, ga ƙarancin hankali. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Har yau idan na gaji, sai na tsaya neman sunan tafiyata kafin in zauna. Allah ya gafarta masa, ya ba shi ranar tsayuwa inuwar da ya hana ni.