Katunan Kawu a Kife

Jiya na tsinci kati mai hoton ɗan ƙwallon kwando a aljihun rigar gwanjo, sai Kawu ya faɗo min a rai. Haka shi ma yake tsintar nasa, yana tarawa a shagon ɗinkinsa na unguwar Gardole. Bai san ɗan wasa ko ɗaya ba. Zanen gefen yake shafawa, yana cewa, "Ɗiyata, dubi yadda ja ya zauna da ruwan gwal." In zai yi salla kuwa, sai ya kife su, saboda hotuna.

Ranar da yaƙi ya shigo gari, harsashi ya same shi cikin shagon. Da muka je, warin albarushi bai tafi ba, katunan duk a kife.

Allah Ya cika masa ladan sallar da bai idar ba.