Ƙafar Dama ta Angareb

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu, mahaifina yana zaune a wurina a Umdurman. Tsoho ne mai ƙarancin magana, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, har telan unguwarmu ya haƙura da gyara masa jallabiya. A Bor Sudan ya samo wannan kafaɗar, yana saurayi, wajen loda wa jiragen ruwa kwal da kwando.

Aikin bibbiyu ake yinsa: ɗaya ya cika kwando ya ɗora wa ɗan'uwansa. Wata rana wani lebura ya zame daga katakon hawa jirgi ya mutu, shugaban aiki ya sa aka ja gawar gefe, ya ce a ci gaba da lodi. Ranar suka ajiye kwanduna, suka kai mamacin maƙabarta da kansu, baƙi ƙirin da su. Daga nan ƙungiyarsu ta fara, wadda baba yake kira nigaba. Dokarta ta farko ita ce, duk wanda ya rasu, abokin ɗorinsa ne zai riƙe ƙafar dama ta gaba ta angareb, gadon igiyar da ake ɗaukar gawa a kai. Ni kam na sha jin labarin nan, ina gyaɗa kai, idona na kan ƙwallo a talabijin.

Jirage suka daina shan kwal, mutanen suka watse, mutuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya rage daga baba sai abokin ɗorinsa, wanda ya buɗe shagon turare a unguwar Alsahafa, can ƙetaren kogin Nilu.

Wata safiya aka bugo waya cewa mai turaren ya rasu. Kafin in nemo takalmina, baba yana bakin titi da sandarsa. Gada ta cushe, bas tana rarrafe. Baba ya ce, "Ya waladi, ɗana, ce wa direban nan ana jirana."

Mun isa daidai ana fitowa da gawar. Baba ya miƙo mini sandar, ya kutsa cikin matasa yana laluben ƙafar gadon. Babban ɗan mamacin ya tare shi, ya sumbace shi a ka.

"Ya hajj, istarih, huta. Mu za mu ɗauka."

"Ƙafar nan tawa ce. Haka nigaba ta ce."

"Wace nigaba, ya ammi, baffa?"

Ashe mamacin bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ya yi lodin kwal ba. Su mai turare suka sani. Na fara yi musu bayani, Larabcina da Hausata suka sarƙe, su kuwa tuni sun yi gaba da saurin da ake kai gawa. Babu wanda ya yi masa rashin kunya. Ladabi suka yi masa, har wani ya kawo masa kujera. Ya ƙi zama, ya bi su a baya yana ɗingishi, muka iske ana zuba ƙasa.

A hanyar dawowa ya jingina da tagar bas yana kallon Nilu. Sai da muka haye ya yi magana.

"Kullum shi yake ɗora mini. Sau ɗaya na zo in ɗauke shi, aka ce in huta."

Bai ƙara ba ni labarin Bor Sudan ba, ko da na kashe talabijin na roƙe shi. Ranar da baba ya rasu na yi cigiya daga Umdurman har Bahri ko akwai sauran ɗan nigaba, ban samu kowa ba.

Har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa duk jana'izar da na je, in na ga tsoho yana tura matasa yana neman gadon, ba na tambayarsa ko shi wane ne. Janye kafaɗata nake yi, in rage tsawo daidai da nasa, mu tafi a hankali.