Tozalin Gwaggo da idona na hagu

Assalamu alaikum, jama'ata. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa na yi aure a ɓoye, ku kwantar da hankalinku. Idona ne ya kusa tafiya.

Farkon watan Yuni na bi ƙungiyar masu hawan dutse ta jami'armu ta Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa. Inda muka hau wani kwazazzabo ne tsakanin duwatsu biyu, cike da ƙanƙara, a tsaye kamar tsani. Igiya a ƙugu, ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, 'yar gatari a hannu. Ka kafa gatari, ka ɗaga ƙafa, ka sake kafawa.

Na ja mayafina har hanci saboda sanyi, sai numfashina ya dinga turnuƙe baƙin tabarau ɗina. Ba na ganin inda zan taka, sai na cire na jefa aljihu.

Jagoranmu ya leƙo daga sama ya ce, "Hadiza, remets tes lunettes!" Wato in mayar da tabarau ɗina.

Na yi dariya na ce masa, "Ni 'yar Tahoua ce. Wannan ranar taku ko ɗumama ruwa ba ta yi."

Awa uku na yi haka. Ban san ƙanƙara tana maido da hasken rana cikin ido ba.

A mota, kan hanyar komawa Lyon, na fara jin kamar an watsa mini yashi. Kafin magariba hawaye kawai ke zuba, ba na iya buɗe ido.

A asibiti suka ɗiga mini wani ruwa rawaya, suka haska da shuɗiyar fitila. Likita ta ce hasken ya ƙona fatar saman idon, amma zai warke cikin kwana biyu. Ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce kar in sa komai bayan shi.

Ni kaɗai nake zaune, don haka washegari ƙawata ta raka ni jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin Gwaggo Rabi, yayar babana mai sayar da atamfa da turare. Ita ta riƙe ni tun zuwana Faransa.

Da ta ga idona sai ta tafa hannu. "Ɗiyata, mi ya kai ki bisa dutsi? An ce miki akwai gadonki can?"

Ta ɗauko tandun tozalinta. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin idon Gwaggo babu tozali ba. Ta ce, "Wanga shi ka wanke ido, tun kakanninmu."

Ni da nake wuni kan madubin duba ƙwayoyin cuta a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na san bai kamata ba. Amma ciwo ya ishe ni, kuma ban iya ce mata a'a ba. Ta zizara mini a hagu, na yi ƙara saboda zafi, sai ta bar na dama.

Na dama ya warke kamar yadda likita ta faɗa. Na hagu ya kumbura, ya fara ruwa, wani farin ɗigo ya fito a tsakiyarsa.

Muka tafi asibitin ido. Likitan ya duba ya daɗe, sannan ya tambaya, "Kin sa wani abu a ciki?"

Gwaggo na zaune a gefena. Na ce a'a.

Ya sake tambaya. Ya ce sai ya san abin da ya shiga kafin ya san abin da zai yaƙa, kuma idan gyambon ya huda, zan iya rasa idon. Na sake cewa a'a.

Gwaggo ba ta jin Faransanci sosai, amma ta gane. Na ji ta buɗe jaka, ta ajiye tandun a kan tebur.

"Hwaɗa mishi ni na sa miki. Ba ki ɓata idonki don ki ruhe min asiri."

Suka kankari idon suka kai gwaji, tare da tozalin. Ƙwayoyin cuta ne suka bi tsinken zizara tozalin suka shiga inda rana ta ƙona.

Kwana shida na yi a kwance. Kwana biyun farko, kowace awa sai an ɗiga magani, babu barcin kirki. Maganin kansa yana da raɗaɗi kamar barkono. Inshora ta ɗauki yawancin kuɗin, amma tsoron nawa ne ni kaɗai. Kowace safiya ina rufe idon dama in gwada na hagu, sai in ga fari fat. Na yi kuka, na ji haushin Gwaggo, na fi jin haushin kaina da bakin da ya yi wa jagora dariya.

Sai a sati na biyar hazon ya fara yayewa. Ina kicin ɗinta na rufe idon dama kamar kullum, sai ga fuskar Gwaggo tana tankaɗe. Na ƙura mata ido, na kasa gane abin da ya sauya.

Babu tozali a idonta. Ashe tun ranar asibiti ba ta ƙara sawa ba.

Yanzu na koma labo. Akwai ɗan tabo, fitilun mota suna yi mini bishi-bishi, amma ina gani. Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci, da ƙawata, da ku da kuka yi ta kira ban ɗauka ba.

Don Allah, in za ku hau ƙanƙara, kar ku cire tabarau ko da gajimare ya rufe rana. Ido mai ciwo kar a sa masa tozali, ko zuma, ko maganin wani. In likita ya tambaya, ku faɗi gaskiya tun karon farko.

Ranar da zan dawo Lyon na saya wa Gwaggo sabon tandu. Ta juya shi a hannu, ta mayar mini.

"Aje shi wurinki. Ran da likita ya ce kin warke sarai, mu sa tare."

Yana nan kan teburina. Wata mai zuwa zan koma ganin likita.