Guntun Tarun Mijinta

A Gwandu an daɗe da yanke mini hukunci, wai karatu ne ya taɓa ni. Hujjarsu ita ce mace mai hankali, wadda ta koyar a makaranta har ta ajiye aiki, ba ta tsayawa a ƙofar tela ta ce a tara mata ƙyallayen da za a zubar. Ni kuwa ina tsayawa. Ina zuwa wurin dukawa in kwashe ragowar fata, in bi masu ƙwarya a kasuwa in roƙi sakaina, in aika garin Dalijan a ɗebo mini jar ƙasa. Kullum da safe, in na idar da salla na share tsakar gida, sai in shimfiɗa tabarma a gindin bango, in kwantar da katako, in yi ta jera waɗannan tarkace ina liƙa su da ƙaro, ina ɗinke wasu, ina bi da shuni ko baƙin tukunya, har rana ta kore ni. Ba surar mutum nake yi ba, ba ta dabba ba. Fadama nake yi yadda idona ya riƙe ta, ko kasuwa bayan an watse, ko wani abu da ni kaina ban san shi ba sai ya fito.

Maƙwabta kan leƙo su ce, "Malama, har yanzu ana nan ana wasan ƙasa?" In ce ana nan. Ban taɓa jin haushinsu ba, don su ma suna da tasu sana'ar, wato zama tun hantsi ana auna wa mutane zunubi, kuma ban taɓa ganin abin da suka samu a ciki ba.

Da aka buɗe wata cibiyar koya wa mata sana'a a Kalgo, aka rasa wanda zai cike wani gurbi tsakanin ɗinki da haɗa sabulu, sai aka tuna da ni. Duk mako nakan cika buhu in shiga mota, in kwana gidan yayata, in koyar, in dawo. Ka'idata ɗaya ce a ajin: ba a taɓa ƙaro da wuri. Ki zube kayanki a kan katako, ki jera, ki tashi ki koma nesa ki duba, ki dawo ki wargaza. Wadda ta yi gaggawar liƙawa ta liƙa kuskurenta. 'Yan matan ba sa son wannan. Su dai a ba su fulawar roba da duwatsu masu ƙyalli su zagaye madubi, a kai ɗakin amarya, shi ke nan an yi fasaha.

A wannan ajin na san Inna. Haka kowa ke kiranta, don ta girme mu duka. Daga Dangoma take zuwa, kuma sabulu ta zo koya. Wata rana mai koyar da sabulun ba ta zo ba, sai ta shigo wurina don ta sami inuwa. Ta daɗe tana kallon abin da na zube a tabarma, sannan ta ce, "Malama, wanga tarkace mi za a yi da shi?"

Na ce, "Abin da kika ga dama, Inna."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ita ko alli ba ta taɓa riƙewa ba. Amma kafin a tashi na waiga na ga ta jera sakaina a gefen tabarma, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta bar wata 'yar hanya a tsakiya. Babu wanda ya koya mata barin wannan hanyar. Akwai waɗanda na shekara ina yi wa bayani ba su gane ba. Daga ranar ba ta sake leƙa ajin sabulu ba.

Bayan wasu makonni ta zo da ƙulli a haɓar zane, ta jira kowa ya duƙufa, ta kwance mini. Guntun taru ne, tsoho, ya yi baƙi. Mijinta manomi ne da damina, masunci in ruwa ya janye, kuma ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya sun raba abin da ake rabawa, wannan ne ya rage, babu mai so.

"In jefas, ba ni iyawa," in ji ta. "In aje, ɓera na ci. To, ko nan shina shiga?"

Na ce yana shiga.

Ban taɓa ganin wanda ya bi ka'idata kamar Inna ba, har ni na gaji na fara ce mata ta liƙa mana. Ta shafe katakon da shuni, ta wanke, ta sake shafawa, wai ruwan gulbi da safe bai kai haka duhu ba. Ta baza tarun ya kwanta kamar yanzu aka jefa shi. A jikinsa akwai wani jan ƙyalle da marigayin ya ɗaura don ya riƙa gane nasa cikin na abokan kamun kifi, ta bar shi inda yake. Ta zuba wuri, irin kuɗin da, a gefe su zama kumfa. Ta kawo ɗan ƙahon da yake ajiye allurar gyaran taru, ta ɗaure shi a kusurwa. A ƙarshe ta naɗe 'yar fata, ta ɗinke bakinta biyu, ta zama jirgi. Ranar da ta gama, ta koma can bakin ƙofa ta tsaya tana kallo, tana goge hannu a zane. Ni kam hawaye na yi, kuma ban ɓoye ba. Aikin nan ya fi duk abin da na taɓa yi kyau.

Ni na rataye shi a barandar cibiyar, a kan ƙusa ɗaya tilo da ke jikin bangon. Ƙusar kuwa tana kallon ƙofar ofishin shugaban cibiyar, wani Alhaji mai faɗin kai da faɗin ciki, wanda bai taɓa leƙa ajina ba sai ranar da baƙi za su zo.

Alhajin nan ƙafarsa ta daɗe tana kumbura. Likita ya ce masa ya bar nama, shi da bakinsa ya ba kowa labari yana dariya, takardar balangu a gabansa. Amma da ƙafar ta tashi a wannan karon, sai aka bar jaki ana dukan taiki. Wata ta raɗa masa cewa ya dubi abin da aka rataye masa a ƙofa. Ya duba, ya ga jan ƙyalle, ya ga wuri, ya ga ƙaho, ya ga fata a ɗinke. Ya tambayi wadda ta yi, aka ce matar masunci ce. Nan take lissafi ya cika. Mutumin da ba ya iya tuna ranar da ajina ke zama, sai ga shi ya tuna daidai cewa ranar da aka rataye abin ne ƙafar ta fara zafi.

Kafin in dawo mako na gaba magana ta zagaye Kalgo. Rabin ajina bai zo ba, mazansu sun hana. Na shiga ofishin ban jira an ba ni izini ba. Na ce, "Alhaji, in wannan asiri ne, to ni ce uwar bokaye, don ɗakina a Gwandu cike yake da irinsa."

Ya ɗora ƙafar a kan kujera, ya dube ni da tausayi. "Hajiya, ke 'yar boko ta. Ba ki san mutanen ruwa ba. Mu munka san su."

Aka kira wani dattijon malami ya duba. Ya sa tabarau, ya matsa kusa, ya ce shi dai bai ga komai ba. Na fara hamdala, sai ya ƙara da cewa amma tun da zukata sun ƙi kwanciya, a kwance abin kowa ya huta. Ya san gaskiya, ya faɗe ta, ya kuma ajiye ta a ƙasa ya tsallake. Shi ne ma na fi jin haushinsa.

Sai kuma aka zo ga wanda zai kwance. A nan duk jarumtar ta ƙare. Ai an san ka'ida: wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, in wani ya sa hannu abin kansa yake komawa. Na ce ni zan kwance, in ya ga dama ya cinye ni. Aka ce a'a, ba ya karyewa sai da hannun mai shi. Maza manya, masu gemu, suka ja da baya suka yi da'ira, aka sauke katakon da sanda aka ajiye a ƙasa, aka kira Inna.

Na ce, "Inna, kada ki taɓa. Tashi mu tafi."

Ta ce, "Bari, ɗiyata. In na ƙi, sun ce da gaske na."

Ta durƙusa. Ta nemi ruwa a kofi, ta riƙa jiƙa ƙaron tana ɓamɓarewa a hankali don kada zaren ya tsinke. Ta cire wurin ta tara gefe. Ta kwance ƙahon, wani ya ce ta zazzage, ta zazzage, babu komai. Aka ce ta farke fatar. Ta sa haƙori ta yanke zaren, ta buɗe, sai ga guntun kwalin sabulu da ta cusa don cikin jirgin ya tasa. Na ɗaga kai ina jiran in ga kunya a fuskar ko mutum ɗaya. Alhaji ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi, an tare shi tun bai kama ba." Da an sami wani abu a ciki, asiri ne. Da ba a samu ba, asiri ne da aka karya. Inna ta naɗe tarun, ta ƙulle a haɓar zane, ta yi wa kowa sai an jima, ta fita.

Ƙafar ta saɓe bayan ya kwanta asibiti an hana shi nama da ƙarfi. Har yau in ka tambaya a Kalgo, ranar kwancewar nan ce ta warkar da shi. Ajina ya sake cika, da sharaɗin a riƙa amfani da kaya masu tsabta, wato fulawar roba. Inna ce kawai ba ta dawo ba.

Da na ga shiru ya yi yawa, na nemi sabon katako, na ƙulla ƙaro da shuni, na hau mashin zuwa Dangoma. Na same ta tana sussuka a bayan gida. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Na jingina katakon a bango, ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai.

Na ce, "Inna, mu sake. A nan gidanki, ba mai gani. Ɗauko tarun."

Ta daɗe tana juya ludayi a ƙwarya.

"Magana ta riga ni isowa gida, Malama," in ji ta. "Jikokina sunka tahi rijiya, mata sunka janye gugansu. Ƙaramar tad dawo tana kuka, tana tambayata mi ni aje cikin ɗaki."

Ta aje ludayin, ta ci gaba.

"Sai nit tara su, da maƙwabta, kowa na gani. Munka tahi bakin gulbi, nij jefa tarun. Yanzu suna ɗibar ruwa lahiya." Ta tura mini ƙwaryar. "Sha, ɗiyata. Katakon ki koma da shi, ba ni da abin da zan sa mai."